Gunnel ba ta waiwaye

Ku gafarce ni da wannan karambani. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma ko a aji in malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale. Akwai waɗanda suka fi ni sanin Gunnel, su ya kamata a ce sun rubuta. Na jira, ba wanda ya yi. In kun ga na yi tuntuɓe, ku kau da kai kawai.

Gunnel tana tsaye a ɗakin shara na gidanmu riƙe da wani ƙaton kofin gasa mai hannu biyu, tana buɗe durom tana rufewa. Na takarda, na kwalba, na roba, na ƙarfe. Ni kuma na shigo da kwalayen madara, na toge a bakin ƙofa ina shawarar komawa.

"Farfesa," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Shigo mana, ba na cizo. Ke da kika haɗiye littattafan garin nan, gaya mini, wannan ina za a jefa shi? Samansa ƙarfe, gindinsa katako, ga wata roba a ƙasa. A Denmark na ci shi, mutanen can dai ba su taɓa yin abu mai sauƙi ba."

"Jefarwa za ki yi?"

"A'a, wanka na kawo shi."

Ƙofarta na kallon tamu a hawa na uku, a nan garin Gävle. Doguwa ce siririya, ta haura saba'in, hannunta na dama ya fi na hagu kauri. Kowa a gidan ya san ta taɓa buga wa ƙasa badminton, wasan nan na raket da ƙwallon gashin tsuntsu, ɓangaren bibbiyu, mace da namiji, ta zaga duniya da shi. Amma ba wanda ya taɓa tambayarta komai. Gaisuwa a matakala, shi ke nan, kowa ya shige ya ja ƙofarsa.

A gefen ƙafarta akwai jakunkuna biyu maƙare da kofuna da lambobin yabo masu igiya.

"Likita ya ce in kimtsa," ta ce. "Ciwon ya hau kai yanzu. Idanu za su fara tafiya, sauran su biyo baya. Ba zan bar wa masu gida wahalar kwashe tarkacena ba."

Ta faɗa ne kamar mai cewa bas ta makara. Na rasa inda zan sa idona. Sai ta miƙo mini sukundireba, muka durƙusa a kan siminti mai sanyi muna kwance kofunan, ƙarfe gefe, katako gefe, don kada a ce Gunnel ta mutu ta bar shara a cakuɗe.

Bayan 'yan makonni rubutu ya fara ɓace mata. Ta tare ni a matakala ta ce tunda ba ni da aikin yi sai karatu, in riƙa yi da ƙarfi a ɗakinta, a biya ni da kofi da burodin kirfa. Haka na fara shiga kullum in na dawo makaranta. In tuɓe takalmi a bakin ƙofa, in zauna a kicin ina karanta mata jarida, ita kuma tana gyara mini sunayen 'yan wasa tana zagin masu rubutun.

Ɗakin ya koma fayau. Hoto ɗaya ya rage a bango: ita tana matashiya, ta duƙa dab da raga, raket a sama, a bayanta wani ƙato mai gashin baki ya yi tsalle.

"Wane ne wannan?"

"Wannan jakin? Sixten ne. Ni gaba, shi baya. Ni in tare ƙanana a raga, shi ya yi dukan ƙarti." Ta kurɓi kofi. "Kin san dokar farko da ake koya wa mai tsayuwa a gaba? Ba a waiwaye. In kika juya don ki ga abokin wasanki, ƙwallon gashin nan ce za ta same ki a ido, kuma gudunta ya fi na jirgin ƙasa. Na san wata 'yar Ingila da ta rasa ido ɗaya a haka. Shekara goma sha muna wasa da shi, ban taɓa ganin fuskarsa a filin wasa ba."

"To ta yaya kike sanin inda yake?"

"Da kunne mana, Farfesa. Taku biyu gajeru, ɗaya dogo, sai tsit, ya tashi sama. In na ji tsit ɗin nan sai in sunkuya. Ko a otal, ko a filin jirgi, cikin mutum dubu, na san takunsa. Ke ma na san naki. Tafiya kike kamar mai ba ƙasa haƙuri."

Na yi dariya, na ji kunya, na sunkuyar da kai.

Ranar ce ta ba ni labarin gasar Jakarta. Zaure ya cika maƙil, zafi kamar a tanda, ihun 'yan kallo har ba ka jin bugun raket ɗinka. Wasan kusa da na ƙarshe, maki ɗaya ya rage a yi ta ta ƙare. Aka turo ƙwallo a hankali, a tsakiya, ba gaba ba ba baya ba. Ihu ya hana ta jin takunsa, ta ɗauka yana tafe. Shi kuma ya ɗauka za ta ja da baya. Ƙwallo ta sauka tsakaninsu a hankali, kamar ganye.

"Ta wa ce?" na tambaya.

"Tasa ce! Har ki tambaya? Kowace Kirsimeti sai ya bugo waya ya ce tawa ce. Shekara arba'in ke nan. Taurin kai irin na mutanen dajin arewa."

"Ya san ba ki da lafiya?"

Ta taɓe baki. "Me zai yi da sanin? Likita ne?"

Da ganyen bishiyoyi suka gama zubewa, ƙafafunta suka ƙi. Aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo, kusa da taga. Ma'aikatan jinya na ƙaramar hukuma suka fara zuwa safe da yamma. Wadda ta fi zuwa sunanta Lejla, gajeriya mai fara'a, kullum da shuɗiyar leda a kan takalminta. Gunnel ba ta iya kwanciya sai a ɓarin hagu, fuskarta ga taga, bayanta ga ƙofa. Tagar ma haske kawai take gani.

Wata Laraba ta ce in nemo mata Sixten a wayarta, in sa yadda za mu ji tare, don hannunta ba ya iya riƙewa.

"Tsohuwa!" muryar ta fito, mai kauri, a hankali. "Kirsimeti ta yi ne ban sani ba?"

"Ji nake ko ka mutu ba a gaya mini ba."

"Ina nan. Ke fa?"

"Lafiya lau. 'Yar gajiya ce."

Na dube ta. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, ƙashin kumatunta duk a waje.

"In ka samu hanya ta nan kudu," ta ce, "akwai kofi. In ba takura."

"Zan so haka. Sai dai farauta ta kama, kin san hali, yaran da muke fita da su ba sa iya komai in ba na nan. In an gama. Ko kuma in dusar ƙanƙara ta kwanta, hanya ta yi kyau."

"Ba gaggawa. Kada ka wahalar da kanka."

"Ba za ki gudu ba dai ko?"

"In je ina?"

Na kashe wayar. Can ta ce, "Karanta mini yanayin gari." Na karanta. Babu dusar ƙanƙara a kusa.

Tun daga ranar ta koma sauraren matakala. Ina cikin karatu sai ta ɗaga yatsa, in yi shiru. Ƙofar ƙasa ta buɗe, wani ya fara hawowa. Ta kasa kunne, bakinta a ɗan buɗe. Sai ta sauke yatsan. "Mai wasiƙu ne." Ko kuma, "Matar hawa na huɗu ce da karenta. Ci gaba."

Na gaya wa mamata, Pernilla, tana tsaye tana feraye dankali.

"Mama, ba ta gaya masa ba. Shi yana can yana jiran ƙanƙara."

"Allah sarki." Ta ci gaba da feraya. "Amma Tuva, wannan ba huruminmu ba ne. Babbar mace ce, da hankalinta. In tana so ya sani, da bakinta."

"Tana so ya zo."

"Ta ce miki haka?"

"A'a."

"To kin gani. Ba a kutsa kai cikin sha'anin mutane. Miƙo mini gishiri."

Ni mutum ce da ko wurin likitan haƙori ba na iya buga wa waya, sai mama ta yi mini. Kwanaki ina ɗauke da lambarsa a kaina, ina jera kalmomi ina rushewa. Sai ranar da Lejla ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce a hankali, "Tana da dangi? In akwai wanda za a kira, yanzu ne." Na sauka ɗakin wanki na ƙasa, inda ba kowa sai injuna, na rufe ƙofa na buga.

"Sunana Tuva. Maƙwabciyar Gunnel ce. Ka yi haƙuri. Ka yi haƙuri na dame ka." Sauran abin da na shirya duk ya gudu. "Ba gajiya ba ce. Mutuwa take yi."

Shiru. Har na duba ko wayar ta yanke. Sai na ji ya zuƙi iska ta baki, gajere, irin yadda mutanen arewa suke cewa i.

"Ita ta sa ki?"

"A'a. Za ta kashe ni."

"Za ta kashe ki kam," ya ce. "Da jirgin safe zan taho."

Washegari Asabar. Na zauna a matakala tun hantsi da littafi a cinya, ban karanta ko layi ɗaya ba. Wajen azahar ƙofar ƙasa ta buɗe. Abin da na ji ba taku ba ne. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai jan ƙafa. A kowane hawa sai a tsaya a huta. Da ya ɓullo, na ga tsoho ranƙwafaffe da sanda, gashin bakin ya yi fari fat, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. A ɗaya hannun yana riƙe da ledar shago da furanni a ciki.

"Ke ce mai waya?" Yana haki. Ya ga ina kallon sandar. "Ƙugu ne. Likitoci sun sa ƙarfe da bazara, bai zauna daidai ba. Rabona da farauta an daɗe. Cewa na yi bari in jira in yar da wannan abar tukuna, kada ta gan ni haka ta samu abin dariya."

"Ba ta gani yanzu," na ce.

Ya tsaya yana kallona.

Lejla ta buɗe mana. Ta ce an yi wa Gunnel allurar kashe zafi, tana tafiya tana dawowa, kada mu yi mamakin abin da za ta faɗa. Sixten ya zauna a kan ɗan bencin bakin ƙofa, da ƙyar ya tuɓe manyan takalmansa masu laka, ya jera su a gefe, ya jingine sandar don kada ta yi ƙara. Ya dafa bango ya shiga falo da safa, ko motsinsa ba a ji. Ya tsaya a bayan gadon. Gunnel na kwance, fuskarta ga taga, idanunta a buɗe.

Ya tsaya. Ya ci gaba da tsayuwa.

"Barci take," ya raɗa mini. "Kada a tashe ta."

"Ba barci take ba. Saurare take yi." "Ka koma ka sa takalminka. Takunka take jira. Ta ce ko cikin mutum dubu ta san shi."

"Da takalmi? A cikin ɗakin mutane?"

"Don Allah."

Lejla ta dubi ƙasan da ta goge da safe, ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa. Sixten ya koma bakin ƙofa. Muka ji yana nishi yana ɗaure igiya. Sannan ya taho. Ya bar sandar, ya yi ƙoƙari, na ga ya yi ƙoƙari, ya cije leɓe ya miƙe ƙirji. Taku ɗaya mai nauyi, sai ƙafar hagu ta biyo baya tana jan ƙasa. Taku ɗaya, sai ja.

Yatsan Gunnel ya ɗaga daga kan bargo. Ya tsaya a sama. Sai ya sauka.

"Farfesa," ta ce, muryar kamar takarda. "Wane ne wannan ya shigo mini da takalmi?"

"Sixten ne. Ya zo."

"Gunnel," ya ce. "Ni ne."

"Haba dai." Ta ɗan yi murmushi, irin na wanda ake so a yi wa wayo. "Mai gyaran famfo ne. Na ji shi ai. Bawan Allah, famfon kicin ne ke ɗiga, ba nan ba."

"Tsohuwa, ni ne mana. Ni ne jakin."

"Kowa ya iya faɗin haka. Sixten ba ya jan ƙafa. Sixten in ya taho ƙasa ba ta sanin ya taka ta." Ta yi numfashi da ƙyar. "Yana farauta. Sai ƙanƙara ta kwanta."

Na ce ya zagaya ta gaba ya kama hannunta, ko za ta gane. Ya zagaya, ya duƙa tsakaninta da taga, ya kama. Ta zare hannunta a hankali ta tura ƙarƙashin bargo.

"Kana tare mini haske," ta ce.

Ya koma baya. Lejla ta turo masa kujera, ya zauna a bayan gadon, dab da kafaɗarta, furannin a cinyarsa har yanzu cikin leda. Injin firiji ya tashi, ya mutu. A ƙasa wasu yara suna ta ihu a kan lilo.

"Kai mai famfo," ta ce can. "Kana nan?"

"Ina nan."

"Muryarka ta mutanen arewa ce. Ka san Sixten? Dogo, mai gashin baki, ba ya jin magana."

"Na san shi."

"In ka gan shi ka gaya masa na jira. Kada ka ce ina fushi, ba na fushi. Ka ce dai na jira." Ta yi shiru har na ɗauka ta tafi. "Kuma ka gaya masa ƙwallon Jakarta tasa ce."

Sixten ya buɗe baki. Na ga gardamar ta taso masa har maƙogwaro, ta shekara arba'in, na ga ya danne ta.

"Ya sani," ya ce. "Ya ce tasa ce."

"Ƙarya kake. Ba zai taɓa faɗa ba." Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Lejla ta jiƙa mata leɓe da auduga. Da tarin ya lafa sai ta ce, "Ka tuɓe takalmin nan. An goge ƙasa."

Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji. Bayan nan numfashi ne kawai, yana tafiya yana daɗewa kafin ya dawo. Sau biyu ƙofar ƙasa ta buɗe, sau biyu yatsanta ya motsa a ƙarƙashin bargo. Sixten bai tashi daga inda yake ba, idonsa a kan ƙeyarta. Hasken taga ya fara yin toka-toka, kamar yadda yake yi da wuri a wannan watan. Kafin a kunna fitilun titi numfashin ya tafi, muka jira, bai dawo ba.

Lejla ta duba ta, ta rufe mata idanu, ta gyara bargon. Ta ɗauko kyandir a kicin ta kunna a kan taga, sannan ta fita baranda tana waya ƙasa-ƙasa.

Sixten ya dubi ƙasa. Daga ƙofa har gado sawunsa ne, laka da ruwa, tambarin takalmi ɗaya sannan dogon layi inda ƙafar hagu ta ja. Ya ajiye furannin a kan kujera. Ya tuɓe takalman nan inda yake, ya riƙe su a hannu ya kai bakin ƙofa. Na ji yana buɗe durowoyin kicin ɗaya bayan ɗaya, duk babu komai a ciki, har ya samu tsumma da kwano a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ya dawo ya dafa gefen gado, ya sauka a kan gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, a hankali, yana cije baki. Ya fara gogewa daga wajen gadon, yana ja da baya.

Na ɗauki takalmana a hannu. Na murɗa ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba. Ta ɗan tsagin da ya rage kafin ta rufe, ina hango bayansa, yana matse tsumman a cikin kwano yana sake shimfiɗawa.